Ilimin Tattalin Arzikin Ƙasa: Darasin Da Ake Haddacewa Ba A Ganewa

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kwaya ta birnin Katsina da sassafe a ranakun aiki, zai ga ayarin samari da 'yan mata rataye da jakunkuna suna kokawar samun abin hawa. Hanyar da ta fita daga nan zuwa Dutsin-Ma ita ce hanyar ilimi a jihar. A kanta ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina take, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, da kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da gwamnatin jiha ta kafa a 2006. In mutum ya ci gaba da tafiya, zai tarar da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ta zo a 2011. Kuɗin motar da waɗannan ɗalibai ke biya a yau ba shi ne wanda yayyensu suka biya ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya shelanta janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 sai da ta tsallake Naira 1,000.

Tambayar da ke damun wannan jarida ita ce: a cikin waɗannan ɗaruruwan matasa, mutum nawa ne zai iya zaunar da mahaifinsa ya yi masa bayani, dalla-dalla, kan yadda magana guda da aka furta a Dandalin Eagle na Abuja ta biyo hanya har ta iso aljihunsa? Da yawa daga cikinsu sun zauna darasin tushen ilimin tattalin arziki a shekararsu ta farko, sun rubuta jarrabawa, sun kuma ci. Amma cin jarrabawa daban, ganewa daban.

Masana sun kasa wannan ilimi gida biyu. Kashi na farko yana duban ɗaiɗaikun mutane ne da kamfanoni: yadda magidanci ke kasafta albashinsa, da yadda ɗan kasuwa ke yanka farashi. Kashi na biyu, wanda shi ne abin maganarmu a yau, yana duban ƙasa ne a dunƙule: jimillar abin da take samarwa a shekara, da hauhawar farashi, da rashin aikin yi, da darajar kuɗinta a kan na wasu ƙasashe, da kasafin gwamnati, da bashin da ake bin ta. Bai tsaya da ƙafarsa a matsayin fanni ba sai bayan mummunan karayar arzikin duniya da ta soma a 1929, lokacin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka suka rasa aiki, a nan kuma farashin gyaɗa ya faɗi warwas har biyan haraji ya gagari manoman ƙasar Kano da Katsina. A 1936 ne masanin nan na Ingila, John Maynard Keynes, ya fitar da littafin da ya zama harsashin fannin. Babban abin da ya nuna shi ne, abin da yake daidai ga mutum ɗaya ba lallai ne ya zama daidai ga jama'a duka ba. Idan magidanci ɗaya ya tsuke bakin aljihunsa, ya yi tattali. Idan kowa ya tsuke a lokaci guda, ciniki ya mutu, masana'antu sun sallami ma'aikata, kowa ya ƙara talaucewa. Manomin Dandume ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. In shi kaɗai ya yi noma mai kyau, ya yi arziki. In damina ta yi wa kowa kyau, buhun masara ya faɗi, har ya kasa mayar da kuɗin taki.

To, me ya sa darasin da ke da kusanci haka da rayuwar mutane ya zama abin hadda? A ganinmu laifin ya fi rataya a kan yadda ake koyar da shi. Littattafan da aka daɗe ana dogaro da su a jami'o'inmu, irin na Samuelson da Lipsey da Jhingan, ba a rubuta su don Nijeriya ba. Misalansu na Amurka ne, ko Ingila, ko Indiya. Suna ɗauka cewa yawancin jama'a albashi suke karɓa, kuɗinsu yana banki, kuma gwamnati da haraji take rayuwa. A nan kuwa galibin mutane noma suke yi ko 'yar sana'ar hannu, kuɗi a aljihu da ƙarƙashin matashi yake kwana, gwamnatocin jihohi kuma idonsu na kan kason da ake rabawa a Abuja kowane wata. Littattafan ba su yi ƙarya ba, sai dai sai malami ya yi aikin fassara darasin zuwa ga abin da ɗalibi ke gani da idonsa. Malamin da ke fuskantar ɗalibai ɗari biyar a ɗaki guda, ba lasifika, ba wuta, ga bashin albashi a wuyansa, abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya ba da takardun da aka kwafa, ɗalibi ya haddace zanen layuka masu giciye juna, ya amayar a ranar jarrabawa, ya manta. Yajin aikin malaman jami'o'i na watanni takwas da aka yi a 2022 ya ƙara dagula lamarin, domin an riƙa matse karatun zango guda cikin 'yan makonni don a cike gurbi.

Wani zai ce, to ina ruwan mai karanta likitanci ko shari'a da wannan? Bari mu duba abin da rashin saninsa ke jawowa, ba a tsakanin talakawa ba, a tsakanin masu digiri.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta watan Disamba na 2024 ta kai kashi 34.80 cikin ɗari. Ta watan Janairu na 2025 kuwa, sai ta ce kashi 24.48 ce. Nan take jama'a suka rabu biyu. Magoya bayan gwamnati suka ce ga shi nan, kaya sun yi sauƙi. 'Yan adawa suka ce ƙarya ce tsagwaronta, tunda sun je kasuwa ba su ga sauƙin ba. Duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya. Da farko dai, hukumar ta sauya ma'auninta ne: ta bar kwandon kayayyakin da ta dogara a kansa tun 2009, ta koma na 2024, ta rage nauyin da take ba abinci a lissafin. Mutum na iya yin gardama kan ko sabon kwandon ya dace da rayuwar mutumin Batsari da ke kashe kusan duk abin da ya samu a kan abinci, kuma gardama ce mai ma'ana. Na biyu kuma, raguwar hauhawar farashi ba ita ce saukar farashi ba. Idan tiyar hatsi tana Naira 1,000, aka yi hauhawa ta kashi 34, ta koma Naira 1,340. Idan a shekara ta gaba hauhawar ta ragu zuwa kashi 24, tiyar ba ta sauko ba, ta hau ne zuwa kusan Naira 1,660. Motar tana nan tana tafiya, gudu kawai ta rage. Wannan darasin mako na uku ne ko na huɗu a aji ɗaya na jami'a, amma mun ga manyan mutane masu manyan takardu suna musu a kansa a rediyo, babu wanda ya kama bakin zaren.

Haka aka yi da batun rashin aikin yi. A alƙaluman ƙarshen 2020, hukumar ta ce kashi 33.3 cikin ɗari ne ba su da aiki. A na farkon 2023 kuwa ta ce kashi 4.1. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba. An koma ne ga ma'aunin da ke ɗaukar duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na sa'a ɗaya tak a mako a matsayin mai aiki. Saurayin da ya gama digiri yana zaune a bakin titi yana cajin waya, a wannan ma'auni, ma'aikaci ne. Wanda ya san fannin ba zai ce an yi ƙarya ba, ba kuma zai yi tafi ba. Zai nemi a nuna masa nawa ne a cikin masu aikin ke samun abin da zai ciyar da iyali. Ko a 2014, da aka sake lissafin jimillar arzikin ƙasa ya tashi zuwa kusan Dala biliyan 510, aka ce mun zarce Afirka ta Kudu, babu wanda ya wayi gari da ƙarin ko sisi a aljihunsa.

Ma'aikata su ne suka fi kowa buƙatar wannan ilimi, su ne kuma suka fi shan wahalar rashinsa. Mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 ya haura Dala 80 a canjin wancan lokaci. Naira 70,000 da aka amince da ita a Yulin 2024 ba ta kai Dala 50 ba a canjin lokacin. Adadin ya ninka har da ɗoriya, abin da yake saya ya ragu. Wannan ba sabon labari ba ne. Iyayenmu na tuna ƙarin albashin Udoji a zamanin Janar Yakubu Gowon, lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin ariya a dunƙule, kowa ya ruga ya sayi babur da rediyo, 'yan kasuwa suka ƙara farashi, hauhawar ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 1975. Kuɗi sun yi yawa, kaya ba su ƙaru ba. Shekaru hamsin bayan haka, har yanzu akwai shugabannin ƙwadago da ke zama teburin sulhu suna jayayya a kan adadi kawai, ba su neman a ɗaure albashi da tashin farashi.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne yadda ake gabatar wa ɗalibanmu wannan ilimi kamar baƙo ne da ya sauka daga jirgi, alhali tarihinmu cike yake da misalansa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya tarar ana canza riyal ɗaya na azurfa a kan wuri 2,500. A daidai wannan zamani ne 'yan kasuwar Jamus suka shiga jibgo wuri daga gaɓar Zanzibar zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma, jirgi bayan jirgi. Kafin ƙarshen ƙarnin, wurin da ake ba da riyal ɗaya ya kai wajen ninki biyu, har ta kai ga kuɗin ɗauko wuri daga wani gari zuwa wani yana cinye wani babban kaso nasa. Tun kafin wannan, malamin tarihin Masar, Al-Maƙrizi, ya rubuta a 1405 cewa tsadar da ta addabi Alƙahira ba fari kaɗai ya kawo ta ba, har da yadda mahukunta suka cika gari da kuɗin tagulla. Malaminsa Ibn Khaldun kuma ya yi bayani a Muƙaddimarsa kan yadda tsananta haraji ke kashe zuciyar masu sana'a har kuɗin shigar sarki su ragu. Ɗalibin da aka fara masa da waɗannan, ba zai sha wahala ba wajen gane abin da ya faru lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya riƙa ba gwamnatin tarayya rance kai tsaye har ya taru ya kai Naira tiriliyan 22.7, wanda Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashi na dogon lokaci a Mayun 2023, duk da cewa dokar bankin ta kayyade irin wannan rance a kan kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Wuri ne aka jibgo, sai dai wannan karon ba a jirgin ruwa ya zo ba.

Katsina kuwa, Allah ya ba ta ɗakin gwaji da jami'o'in Legas da Ibadan za su yi sha'awa. Jibiya da Mai'aduwa da Kongolam suna nan kusa. A ƙetaren iyaka ana kashe Sefa, wadda aka ɗaure ta da kuɗin Turai a kan farashi guda da ba ya motsi, a nan kuma ana kashe Naira, wadda aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa tun Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan Dala ɗaya ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Tsarin canjin kuɗi iri biyu da littafi ke kwatantawa a babi guda, ga su nan tafiyar sa'a ɗaya tsakaninsu. Duk lokacin da Naira ta faɗi a kan Sefa, hatsinmu yakan yi wa ɗan kasuwar Maraɗi araha, sai motoci su nufi arewa. Shanu da wake da ake shigowa da su daga can kuma su yi mana tsada. An rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris na 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gwaji ne da aka yi a kan rayuwar mutane. Zai yi kyau a ce kowane ɗalibin aji biyu yana da littafin da yake rubuta farashin masara da gero da shinkafa da canjin Sefa kowane mako, daga kasuwa guda da aka ɗora masa, har ya gama karatu. Cikin shekaru goma, sashen zai mallaki bayanan da ko hukumomin Abuja sai sun zo sun roƙa. Abin da ake buƙata littafin rubutu ne da biro da malami mai bibiya.

Akwai wani batu da ake yawan kewaye shi a aji, mu kuwa muna ganin gara a tunkare shi. Babban makamin da Babban Banki ke yaƙar hauhawar farashi da shi shi ne kuɗin ruwa, wanda ya ɗaga daga kashi 18.75 a tsakiyar 2023 zuwa kashi 27.5 a Nuwambar 2024. Ɗalibi Musulmi ya taso da sanin cewa riba haramun ce, sai ya zo aji a ce masa ita ce linzamin tattalin arzikin ƙasa. Wasu sukan tsani darasin gaba ɗaya, wasu kuma su raba ƙwaƙwalwarsu biyu, ɗaya ta jarrabawa, ɗaya ta masallaci. Ba haka ya kamata ba. Sanin yadda abu ke aiki ba halatta shi ba ne. Hasali ma, wanda bai san abin da kuɗin ruwa ke yi a cikin tsarin ba, ba zai iya ƙera abin da zai maye gurbinsa ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fara sayar da takardun Sukuk na Naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, kuma waɗanda suka tsara waɗannan abubuwa mutane ne da suka ƙware a ɓangarorin biyu. Jami'a irin Al-Qalam, da aka kafa da manufar haɗa ilimin addini da na zamani, ita ta fi cancanta ta ja gaba a nan. Akwai ma tambayar da ya kamata a riƙa jefa wa ɗalibai: a yankin da ɗimbin jama'a ba sa karɓar rancen banki, kuma tsadar abinci ta samo asali ne daga 'yan bindiga da suka hana noma a Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari, me ƙarin kuɗin ruwa zai gyara? Littafin Amurka ba shi da amsar wannan.

Ba mu manta ba cewa akwai lokacin da Arewa ba ta zama 'yar kallo ba a irin wannan muhawara. A 1985, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe fagen muhawara kan karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, muryoyin da suka fi ƙarfi har da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan ƙasar Katsina, masanin tarihi ne ba na tattalin arziki ba, amma ya karanci alƙaluman, ya rubuta littafi sukutum kan lamarin a 1986. Ko mutum ya yarda da matsayinsa ko bai yarda ba, dole ne ya amsa masa da hujja. Gwamnati ta ƙi bashin a baki, ta kawo shirin SAP ta bayan gida a 1986, abin da ya biyo baya kuma kowa ya sani: Naira ta karye, hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari a 1995, masaƙun Kaduna da Kano suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun da suka biyo, manoman auduga na Funtuwa da Malumfashi suka rasa masu saye. A 2005 an yafe wa ƙasar nan bashin Dala biliyan 18 na ƙungiyar Paris, muka biya sama da biliyan 12, aka ce mun huta. A ƙarshen 2024 bashin da ake bin gwamnatocin ƙasar ya haura Naira tiriliyan 144. Da aka zo muhawarar dokokin gyaran haraji a ƙarshen 2024, musamman yadda za a raba harajin kayan masarufi tsakanin jihohi, hayaniya ta yi yawa a Arewa, amma waɗanda suka fito da lissafi a hannu ba su taka kara sun karya ba. Yankin da Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 yana ɗauke da kashi 65 cikin ɗari na mutum miliyan 133 da ke cikin talauci ta fuskoki da dama, bai kamata a ce da zuciya kaɗai yake zuwa teburin rabon arziki ba.

Dama tana nan. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Muna kira ga majalisun malaman jami'o'in da ke Jihar Katsina da su yi amfani da wannan gurbi, su samar da darasi guda na tattalin arzikin Nijeriya da yankin iyaka, a kuma wajabta taƙaitaccensa a kan kowane ɗalibi a cikin darussan bai-ɗaya, ko injiniya zai zama ko malamin Larabci. A gina shi a kan alƙaluman Babban Banki da Hukumar Ƙididdiga da Ofishin Kula da Basussuka, waɗanda duk suna nan kyauta a intanet. Tambayar jarrabawa kuma ta tashi daga "kawo ma'anar kaza" ta koma "ga kasafin kuɗin jiharku na bana, nawa ne daga cikinsa jihar ta tara da kanta, nawa ne daga Abuja, nawa ne rance?"

Sai batun harshe. Babu wanda ya ce a daina koyarwa da Turanci. Amma malamin da ya ɗauki minti goma a ƙarshen darasi ya ce wa ɗalibi ya maimaita abin da aka koya da Hausa, kamar yana yi wa kakarsa bayani, nan take zai gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Ya kamata sashen nazarin tattalin arziki da na harsunan Nijeriya su zauna tare su daidaita kalmomin fannin, domin har yanzu kowace tashar rediyo da irin fassarar da take yi wa jimillar arzikin ƙasa da giɓin kasafi da asusun ajiyar kuɗin waje. Gwamnatin jiha, wadda ita ce mamallakiyar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, tana iya ɗaukar nauyin buga ƙaramin littafi guda na wannan darasi cikin Hausa da Turanci, da misalan Jibiya da Dandume da Funtuwa, a raba wa ɗakunan karatu na manyan makarantun da ke kan hanyar Dutsin-Ma da gidajen rediyon jihar. Kuɗinsa ba zai kai na motar kwamishina guda ba.